Akwati Mai Motsi Ɗari da Takwas

Shekara uku Tetsuro ya yi a shagon surukinsa, tsoho Kurihashi, kuma a shekara ukun nan kayan aiki biyu kawai aka yarda ya taɓa: tsintsiya da samfefa. Amma duk baƙon da ya sauko daga bas a ƙauyen nan na kan tsohuwar hanyar Hakone ya leƙa shagon, da tunanin Tetsuro ne mai wurin yake fita. Shi zai tarbe ka a bakin ƙofa, ya ɗauko akwatin sirri daga kan kanta, irin wanda ba ya buɗuwa sai an zazzame allunan jikinsa bi da bi, ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Wannan mun sha wuya a kansa." Tsohon yana can ciki a kan matashinsa yana kankare katako, ko kai ba ya ɗagowa.

Kafin nan tikiti Tetsuro yake sayarwa a tashar bas ta Odawara, har shekara ashirin da biyu. Da ya auri Fumie, 'yar tsohon tilo, sunan gidansu ya ɗauka, kamar yadda ake yi in gida ba shi da ɗa namiji. Suna ya samu, ɗaki ya samu, amma abu guda ya tsaya masa a rai: hatimin gidan, ɗan ƙarfen nan da ake gasawa a wuta a buga a gindin kowane akwati. Wanda ya riƙe hatimin shi ne mai sana'ar. Tsohon kuwa a wuyansa yake rataye shi, har wanka da shi yake shiga.

A taron unguwa na watan Janairu aka kawo mabuɗin sito. A siton ne ake ajiye mikoshi, ɗan ɗakin ibadar nan mai ruwan zinariya da maza arba'in suke ɗauka a kafaɗa su zaga ƙauye ranar biki a watan Yuni. Mabuɗin gida-gida yake zagawa, kowane gida shekara guda, bana kuma layi ya zo kan gidan Kurihashi. Hosoya-san, shugaban unguwa, ya miƙo shi da hannu biyu. Kafin tsohon ya ajiye kofinsa, Tetsuro, wanda ya riga ya yi kofi uku na giyar shinkafa, ya sa hannu ya karɓe.

"Da ma a ina ake ajiye shi?" in ji Tetsuro.

"Bara a gwangwanin shayi na sa shi," in ji Genzo mai awara, maƙwabcinsu. "Ya kuma fito lafiya lau."

"Gwangwanin shayi." Tetsuro ya dubi jama'a yana girgiza kai. "Ƙauyen da aka san shi da akwatin sirri, mabuɗinsa yana kwana cikin ganyen shayi. To, bana ni zan ƙera masa akwati. Motsi ɗari da takwas, daidai da yawan bugun ƙararrawar gidan ibada a daren sabuwar shekara. Ranar biki in buɗe shi a gabanku kafin tukunya ta tafasa."

"Mafi girma da Baban naka ya taɓa yi motsi nawa ne?" in ji Genzo.

"Hamsin da huɗu," in ji Fumie, tana zuba wa mutane shayi.

"To ka ji, Mai tikiti. Kai da ko ƙaramin nan mai motsi huɗu sai matarka ta buɗe maka."

"Ido ne, Mai awara. Shekara uku ina kallo. Kai shekara nawa kana kallon waken suya, har yau farin abu guda ka iya yi da shi?"

Aka yi dariya, aka juya ana duban tsohon. Ya shanye shayinsa a tsanake, ya taɓa igiyar wuyansa.

"In ya buɗu ranar biki, hatimi naka ne," ya ce. "In bai buɗu ba, tsintsiya tana nan inda ka bar ta."

Washegari Tetsuro ya share kusurwar shago ya kafa tebur. Tsohon yakan bar katakonsa a ƙarƙashin rumfa shekara da shekaru yana shan iska. Tetsuro ya ce wannan lalaci ne aka sa wa sunan haƙuri. Ya jera nasa a gaban rishon kananzir kwana tara, a tsakiyar sanyi, lokacin da iska ta bushe har leɓɓa suna tsagewa. Katakon ya bushe ƙayau, in ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ƙashi. Gam ma bai yarda da na kwalba ba, ya ce na 'yan makaranta ne. Na fata ya sayo, irin na mutanen da, wanda ake narkarwa a kan wuta, ya cika gidan da wari mako guda.

Sau ɗaya tsohon ya tsaya a kansa. Ya ɗauki alluna biyu, ya zame ɗaya cikin ɗaya, ya saurara.

"Ka bar masa wurin numfashi. Kaurin takarda ɗaya tsakanin allo da allo."

"Baba, wannan ai dabarar masu rawar hannu ce. Nawa ko gashi ba zai shiga tsakani ba."

"Katako ba ya mutuwa. Barci yake yi."

"Nawa ya mutu, Baba. Ni na gasa shi da hannuna."

Tsohon ya ajiye allunan, ya koma kan matashinsa.

A faɗi gaskiya, akwatin ya yi kyau. Ƙirar tsohon Tetsuro ya kwaikwaya ya ninka ta biyu, ya lulluɓe ta da zanen katako kala bakwai, ya goge har tana ɗaukar ido. A taron watan Maris ya ɗora shi a tsakiyar tabarma, ya warware wata doguwar takarda da ya rubuta motsin a kai, ya fara. Allon hagu ƙasa. Sandar tsakiya dama. Allon sama baya kaɗan. Awa ɗaya da minti goma aka yi. Hosoya-san ya yi barci ya farka sau biyu. Da murfin ya zame, Tetsuro ya saka mabuɗin a ciki, ya miƙe ya rusuna, yana jiran tafi.

"Wace irin tukunya ce taka wadda ba ta tafasa sai bayan awa guda?" in ji Genzo. "Duwatsu kake dafawa?"

"A hankali na yi don irinku su gane."

"Ai da takarda a hannu ko akuya ta buɗe shi."

Tetsuro ya dubi Genzo, ya dubi takardar. Ya ninke ta gida takwas, ya cusa ta cikin akwatin kusa da mabuɗin, ya ja murfi. Fumie ta dubi mahaifinta. Da yake motsin bai daɗe da barin yatsunsa ba, Tetsuro ya bi su da baya har akwatin ya rufe ruf.

"Yanzu sirrin a wuri biyu yake," ya ce, yana ƙwanƙwasa goshinsa. "Ciki, da nan."

"Wato wuri ɗaya," in ji Genzo.

Akwatin ya koma bayan gilashin shago, a kan jan ƙyalle, da kati a gabansa: KADA A TAƁA. Fumie ta ce ya riƙa gwadawa ko sau ɗaya a mako. Ya ce wanda ya haifi ɗa ba ya mance sunansa.

Yuni ya kama, damina ta sauka kan duwatsu ta ƙi tashi. Kwana goma sha biyu ana yayyafi. Ƙofofin takarda suka fara cijewa, gishiri ya dunƙule a kwano, takalma suka yi fumfuna. Saura kwana uku biki, Fumie ta ɗauko akwatin ta ajiye masa kusa da kwanon shinkafarsa.

"Maigida, yi mini motsin farko kawai in gani."

Ya yi murmushi, ya ɗora babban yatsa a allon hagu, ya tura. Ya ƙara turawa. Ya sa yatsu biyu. Ya matse akwatin tsakanin gwiwoyinsa ya tura har jijiyar wuyansa ta fito.

"Bai motsa ba," in ji Fumie.

"Haka na tsara shi. Ɓarawo zai zata ya lalace."

"Kai ɓarawo ne?"

Tsohon yana gefe yana tsince ƙayar kifi. "Ya farka," ya ce.

Da aka tashi daga abinci Tetsuro ya ɗauki na'urar busar da gashin Fumie ya shige bayan shago. Rabin awa yana hura wa akwatin iska mai zafi. Zanen gefe ɗaya ya ɗan nannaɗe kamar busasshen ganye, amma allon hagu ya sauka. Ya yi motsi na biyu, na uku, har na bakwai, yana waƙa. A na takwas ya tsaya. Dama ne ko ƙasa? Ya tura dama, wani abu ya yi ƙas a ciki. Kafin ya gama tunani laima ta koma, akwatin ya sake cijewa, yanzu da 'yar ɓaraka a gefe wadda ba ta buɗuwa ba ta rufuwa.

Genzo ya leƙo ta kan shinge da tiren awara a hannu. "Gyaran gashi kake masa? Biki ya yi biki."

"Ina duba lafiyarsa ne."

"In laima ce ta kama shi, binne shi a buhun shinkafa. Haka na yi wa agogona."

"Wa ya ce maka laima ce?"

Genzo yana juya baya, Tetsuro ya binne akwatin a buhun shinkafa. Da safe ya tono shi. Bai bushe ba, sai dai shinkafa ta bi ta ɓarakar nan ta cika kowane lungu. Da, in an girgiza shi mabuɗi ne yake amsawa. Yanzu caki ya koma.

Saura kwana biyu. Ya ɗauko man gashin Fumie ya ɗiɗɗiga a kowace tsaga. Katakon ya shanye man ya ƙara ƙiba. Akwatin kuma ya yi santsi, yana matsa shi ya kuɓuce, ya fice ta ƙofar shago, ya kama gangaren duwatsun hanya yana kacau-kacau, Tetsuro na biye da takalmin katako ƙafa ɗaya. A gaban gidan Hosoya-san akwatin ya tsaya, daidai lokacin da mai gidan ya fito da laima.

"Kurihashi-san, lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Gwajin ƙarfi nake masa." Ya ɗauke shi ya goge da hannun riga. "Af, Hosoya-san, tambaya ce kawai ta ilimi. Siton nan ba shi da mabuɗi na biyu?"

"Yana da shi. Ya faɗa kogi zamanin kakana."

"Ƙofar fa? A ce, misali, gobara ta tashi."

"Ƙofar ta girmi kowane gida a ƙauyen nan. Wanda ya sa mata guduma sai dai ya nemi wani ƙauyen." Hosoya-san ya ɗan sunkuyo yana duban akwatin. "Me ya sa yake ƙamshin kan mata?"

"Sirrin sana'a ne."

Ranar jajibere Fumie ta same shi zaune ya zuba wa akwatin ido, manyan yatsunsa biyu naɗe da tsumma.

"Je ka roƙi Baba. Ko zarto ya sa a gindin ya ciro mabuɗin, ka liƙe, ba wanda zai sani."

"In roƙe shi? In ya sa zarto, hatimi ya tafi."

"In mikoshi bai fito ba, sunan gidanmu ne zai tafi. Ni a nan aka haife ni, Maigida. Kai kana da tasha."

"Ki kwantar da hankalinki. Ni a gaban jama'a basirata take zuwa."

Safiyar biki ruwa bai ɗauke ba. Maza arba'in sun tsaya a gaban sito cikin gajerun rigunan biki, cinyoyi a waje, suna rawar ɗari. Masu ganguna sun gaji da gwaji. A ƙarƙashin rumfa mata sun ɗora ƙatuwar tukunyar kunun shinkafa mai zaƙi wanda masu ɗauka za su sha kafin su tashi, Genzo ne yake juya ta da ludayi. Tetsuro ya iso cikin baƙar rigar bikin aurensa, da akwatin a kan tire. Ya hau kan dakalin sito, ya rusuna, ya fara jawabi.

Ya yi tarihin katako. Ya yi tarihin hanya. Ya shiga bayanin bishiyoyi bakwai da aka yi zanen da su, ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa na ta dannar allon a ɓoye ƙarƙashin hannun riga. Yana kan bishiya ta biyar wani daga cikin masu ɗauka ya yi atishawa.

"Kurihashi-san," in ji Hosoya-san a hankali, "mutane ba su da wando."

"Mai tikiti, ga tukunyarka ta kusa tafasa," in ji Genzo. "Motsi nawa ya rage?"

"Kaɗan."

"Ɗari da ɗaya," in ji Fumie daga cikin mata.

A nan ne basirar ta zo. Tetsuro ya dubi tururin da yake tashi daga tukunyar, ya tuna na'urar busar da gashi. Ƙaramin zafi ya ba shi motsi bakwai. Babban zafi fa? Ya sauko daga dakali, ya ratsa jama'a, ya ture Genzo da gwiwar hannu.

"Matsa, Mai awara. Yanzu za ku ga mataki na ƙarshe, wanda ban taɓa nuna wa kowa ba."

Ya riƙe akwatin da hannu biyu a saman tukunyar, cikin tururi. Tsohon, wanda yake zaune a kan benci da sandarsa, ya gyara zama don ya gani da kyau.

Minti ɗaya ba abin da ya faru. A na biyu wani wari ya tashi, warin da gidan Kurihashi ya sha mako guda a watan Janairu. Zanen katakon ya fara saluɓewa yana faɗawa cikin kunu kamar ɓawon albasa. Tetsuro ya ji allon hagu ya yi laushi a ƙarƙashin yatsansa.

"Kun gani? Yana motsi."

Ya motsa kuwa, gaba ɗayansa. Gam ɗin fata ya narke, gindi ya fita, gefuna huɗu suka rabu, sanduna da alluna da shinkafar buhu da takarda da mabuɗi suka zube cikin tukunyar a tare. Kunu ya yi tsalle ya wanke masa baƙar riga. Aka bar shi tsaye da murfi kaɗai a hannu, daidai lokacin da tukunyar ta tafasa.

Genzo ya zura ludayi, ya lalubo, ya ɗago wata 'yar sanda, ya mayar. Ya sake zurawa, ya ɗago mabuɗin yana tururi. Hosoya-san ya karɓa da hannu biyu, ya sake shi don zafi, ya sake ɗauka da gefen riga. Aka buɗe sito.

Tetsuro ya share kunu daga girarsa, ya juya wajen benci.

"Baba, kowa shaida ne. Na ce zai buɗu kafin tukunya ta tafasa. Ya buɗu ko bai buɗu ba?"

"Ya buɗu."

"To, hatimi."

"A gindin akwati ake buga shi," in ji tsohon. "Kawo gindin."

Tetsuro ya leƙa tukunyar. Mata sun riga sun fara rabo, don masu ɗauka sun ce ko da ƙusa a ciki za su sha, sanyi ya ishe su. Kowa yana kurɓa yana tsamo ɗan katako daga bakinsa yana ajiyewa a kan tire. Wani ya samu allo, wani ya samu sanda, wani ya ce nasa har da zane. Gindin ya jiƙe ya rabe gida uku, kashi ɗaya ma ba a gan shi ba.

Takardar a kofin Genzo ta fito. Ya warware ta a hankali. Tawadar motsin duk ta narke, sai layin sama kawai, wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe.

"Mai awara, ba ni nan. Takardar gida ce."

"Tsaya, akwai karatu." Genzo ya gyara murya. "Ƙirar Kurihashi Tetsuro, wanda ya ninka surukinsa."

Ba wanda ya yi dariya. Arba'in ɗin nan suka tsaya da kofuna a hannu suna duban tsohon. Fumie ta rufe fuska da tire. Tsohon ya miƙa hannu aka ba shi kofinsa, ya hura, ya kurɓa, ya tauna wani abu kaɗan, ya ciro shi ya duba a haske.

"Bai yi ƙarya ba," ya ce. "Shekara sittin ina yin akwati. Ban taɓa yin wanda gari ya sha ba."

Mikoshi ya fita a makare da awa guda, yana tangaɗi, don masu ɗauka sun kasa daina dariya har suka kai gada.

Ranar Litinin Tetsuro ya tarar da tsintsiya a jingine a teburinsa, da farar takarda guda ɗaya a kai, ba rubutu. Ya ɗaga ta, ya murza kaurinta tsakanin yatsunsa, ya dubi tsohon. Tsohon yana kankare katako, hatimi na lilo a wuyansa.

Can bas ta tsaya, wasu baƙi biyu suka shigo suna kakkaɓe laima. Idonsu ya faɗa kan murfin nan, wanda Fumie ta wanke ta ɗora a kan jan ƙyallen don ta rasa inda za ta kai shi. Tetsuro ya jingine tsintsiya, ya gyara wuyan riga.

"Wannan ba na sayarwa ba ne," ya ce. "Ragowar wani aiki ne da na yi. Mutum arba'in suka taru a kansa kafin su ga bayansa."

"Da ludayi," in ji Genzo ta kan shinge.